Wa Ke da Kamfanin? Kalmomin da Jirgi Bai Sauke a Ƙauran Namoda Ba

A shekarar 1929 layin dogon da ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya iso Ƙauran Namoda ya ja birki. Bai ƙara gaba ba har yau. Garin da Namoda ya kafa a zamanin jihadi ya wayi gari ya zama bakin ƙarshe na hanyar ƙarfe. Duk gyaɗa da auduga da fata da ƙirgin da aka tara daga Zurmi da Moriki da Shinkafi da Isa sai an ɗoro su a bayan jakai da raƙuma an kawo nan, kafin su shiga taragu su kama hanyar teku.

A wannan shekarar ce kuma, can Landan, aka haɗe manyan kamfanoni biyu, Niger Company da African and Eastern Trade Corporation, suka zama United Africa Company, wato UAC. A cikinta ne dai gwamnatin Turawa ta kafa Hukumar Fassara, wadda ta yi zamanta a Zariya, don juya littattafai zuwa Hausa. Jirgi ya kawo hanya, kamfani ya kawo littafin lissafi, hukuma kuma aka ɗora mata nemo kalmomi. Jirgi da kamfani sun haɗu a tashar Ƙaura. Kalmomin ne suka makara, wasunsu ma har yanzu ba su iso ba.

Kada a ɗauka Turawa sun tarar da mutanen da ba su san kan kuɗi ba. Tun kafin a ga farar fata a ƙasar Zamfara, Bahaushe ya san jari da uwar kuɗi da riba da faɗuwa. Ya san bashi da lamuni da jingina da ajiya. Ya san dillali da la'adarsa, ya san fatoma da ke saukar da baƙin fatake ya tsaya musu a ciniki. Da wuri ake ƙirga, a tara dubu ashirin a ƙulle a keso. Al'adar dunƙule kuɗi a jaka ma ba ta mutu ba: dattijo a kasuwar Shinkafi ranar Alhamis zai ce maka jaka biyar yana nufin naira dubu, domin jaka fam ɗari ce, kuma da aka canja kuɗi ranar 1 ga Janairun 1973 fam ɗaya naira biyu ya koma. Ka ƙetara zuwa Maraɗi, jakar nan ta zama sefa dubu.

Malamai kuma suna da nasu. Duk almajirin da ya yi nisa a Risala ko Muhtasar ya bi ta babin ciniki, ya karanta ƙirali, wanda bankunan Musulunci na yau suka fi kira mudaraba. Wani ya kawo kuɗi, wani ya kawo ƙarfinsa da wayonsa, a yanka rabon riba tun farko, rabi ko sulusi. In an faɗi ba da sakaci ba, mai kuɗi ya yi asarar kuɗinsa, mai juyawa ya yi asarar wahalarsa. Ƙa'ida ce tsararriya, ta bambance mai dukiya da mai gudanar da ita ƙarnoni kafin a rubuta dokar kamfani a Ingila.

Amma ginshiƙin duk wannan tsari mutum ne. Dukiyar wane ce, bashin a wuyan wane yake. Maigida ya ba yaronsa jari, yaro ya tafi Jega ko Kano ya juya, ya dawo a zauna a zaure a fitar da uwa a raba riba. In an tashi ba uwa ba riba, an san wanda ya faɗi, an san gidansu, an san wanda ya tsaya masa. In ya mutu da bashi ba a taɓa gadonsa sai an biya, shi ya sa har yau a wurin jana'iza ake shelar cewa duk mai bin mamaci ya zo ya faɗa. A irin wannan duniya, tambayar wa ke da abu amsarta sunan mutum ne da sunan ubansa.

Da kamfanoni suka kafa kantuna da rumfunan awo a garuruwan bakin dogo, kalmomi sun shigo da gudu. Amma a duba irin waɗanda suka shigo: kanti, sito, sikeli, tan, rasit, balas, adibas, kamasho, ejan, manaja, kashiya, ga fam da sule da sisi da kwabo. Akawu ma ba daga Turanci muka same shi ba, daga Yarbanci ne, ma'anarsa mai rubutu, domin yawancin waɗanda suka fara zama bayan teburin kamfani 'yan Kudu ne da suka riga mu shiga boko. Duk kalmomin nan na abin da ido ke gani ne a gaban kanta, ko abin da hannu ke karɓa. Manomin Zurmi ya ga sikeli ya ba shi suna. Bai taɓa leƙa cikin babban littafin da akawu ke rufewa da yamma ba, balle takardar da ake aikawa Ikko ƙarshen wata, saboda haka abin da ke ciki bai samu suna ba.

Adibas ita ce igiyar da ta ɗaure kowa da kowa. Kamfani ya ba babban ejan kuɗi kafin kaka, ejan ya rarraba wa yaransa da 'yan baranda, su kuma su bazu ƙauyuka sayen gyaɗa. Bahaushe ya gane wannan sarai, don ya yi kama da abin da ya saba, maigida da yaro. Sai ya ɗauki kamfani a matsayin wani gawurtaccen maigida, Baturen da ke zaune a gidan kwano kuma shi ne mai dukiyar. Alhali Baturen nan ɗan albashi ne, ana iya ɗauke shi gobe a kawo wani. Tun 1920 kamfanin sabulu na Lever ya saye Niger Company, UAC kuma ta zama ƙarƙashin Unilever, wadda aka samar daga haɗuwar Lever da masu yin man shafa wa burodi na ƙasar Holan. Masu Unilever kuwa dubban mutane ne a Ingila da Holan, kowa da 'yar takardarsa a durowa, galibinsu ba su san akwai wani kogi Gagare a duniya ba.

A shekarun 1930 kamfanin G.B. Ollivant ma ya faɗa hannun wannan rukuni, amma aka bar masa sunansa da kantunansa. Manomin da ya ƙi farashin wannan kanti ya ja jakinsa zuwa wancan yana ganin ya yi dabara, bai san aljihu ɗaya ne ba. Ba wauta ba ce, babu kalmar da za a gaya masa da ita ne. Ko yau, in ka saurari labarun kasuwanci a rediyo, reshe za ka ji an ce, ko ana nufin ofishin da kamfani ya buɗe a wani gari, ko ana nufin wani kamfani daban mai nasa rajistar da nasa bashin wanda babban ya mallaka. Bambancin ba ƙarami ba ne. Bashin na farko a wuyan babban kamfani yake, na biyu kuwa yana iya nutsewa da kuɗin mutane babban ya kaɗe riga ya ce ba ruwansa. Masu Sifaniyanci sun raba su, na farko sucursal, na biyu filial, mai mallakar kuma matriz, kalmomin da suka samo daga ɗa da mahaifa. Mu da muka ce uwar kuɗi tun fil azal, ba mu da dalilin rasa uwar kamfani da ɗiyarta.

Akwai abin lura game da kalmar kamfani kanta. Yawancin kalmominmu na shari'a da ciniki daga Larabci suka zo, lamuni, wakili, hisabi, amana. Larabawa sharika suke ce wa kamfani, kuma kalmar tana nan a littattafan fiƙihu da malamanmu ke karantarwa. Amma tushen kalmar ya riga ya shigo Hausa ta wata ƙofa, ya zama shirka, zunubin da ya fi kowane girma. Babu attajirin da zai rubuta a allon kantinsa cewa shi da 'yan'uwansa sun kafa shirka. Ƙofar Larabci ta rufe, sai muka ɗauki ta Turanci yadda take, ba tare da ma'anar tarayya da ke cikinta ba. Shi ya sa kamfani a kunnen Bahaushe gini ne da motoci da ma'aikata, ba taron masu dukiya ba. Da bankin Musulunci ya zo, wanda Jaiz ya fara a 2012, musharaka aka ce, an kewaye ramin.

Riba ta fi wannan ban takaici, don laifin rubutu ne. Kalmomi biyu ne daga Larabci, ɗaya abin da ɗan kasuwa ya samu a kan uwar kuɗinsa, ɗaya kuma ƙarin da aka haramta a kan bashi. A baki ba sa ruɗa kowa: ta halal ana jan wasalin farko, ta haram ana gajarta shi. A ajami ma an bambance su. Boko ne da ba ya nuna tsawon wasali ya mai da su abu guda, haruffa huɗu iri ɗaya. A jihar da ta ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999, takardar banki da ke cewa za ka samu riba duk wata tana iya zama albishir, tana iya zama gargaɗi. Mutane sun nema wa kansu mafita da kuɗin ruwa, kuma ta yi aiki, sai dai masu talla sun san wace ce ta fi daɗin ji, ita suke bugawa.

Sai mu zo kan kalmar da ta fi kowace nauyi, wadda ake gani a ƙarshen sunan kamfani a jikin tirela da allon gidan mai: Limited. Majalisar Ingila ta yi dokarta a 1855. Ma'anarta ta fito fili a shari'ar wani mai ɗinkin takalma na Landan, Aron Salomon, wanda a 1892 ya mai da sana'arsa kamfani. Doka ta ce sai mutum bakwai, sai ya sa matarsa da 'ya'yansa biyar, kowa da hannu ɗaiɗai, shi kuma ya riƙe 20,001. Ba a daɗe ba kasuwa ta karye, masu bin bashi suka ce kamfanin nan ai Salomon ne da wata riga, ya biya daga aljihunsa. Kotun ƙoli ta Ingila ta ce a'a. Kamfani mutum ne mai zaman kansa a idon doka, shi ya ci bashin, shi ake bi, Salomon ba zai yi asarar abin da ya wuce jarin da ya zuba ba.

Wannan hukunci shi ne ƙashin bayan dokar kamfanoni da aka kawo Ikko a 1912, aka faɗaɗa ta ga ƙasa duka a 1917, aka sake ta a 1922 da 1968 da 1990 da 2020, kowane karo da Turanci. A gwada faɗinsa da Hausa a majalisar dattawan Zurmi: wane ya ci bashin mutane, kamfaninsa ya rushe, ga shi nan yana hawa motarsa yana kwana a gidansa, kuma doka ta ce ba a bin sa ko sisi. Kafin ka rufe baki wani zai ce wannan ai cin amana ne da lasin. Matsalar ta wuce neman kalma, domin abin da kalmar ke ɗauke da shi ya ci karo da shelar da ake yi a bakin kabari. Duk da haka rashin kalmar bai hana dokar aiki a kanmu ba. Mai kai wa kamfanin gini yashi bashi, da mai ba ɗan kwangila buhunan siminti kan amana don ya san mahaifinsa, duk a ƙarƙashinta suke, sun sani ko ba su sani ba.

Sauran harsuna ba su fassara kalmar kai tsaye ba, kowa ya kalli abin ta inda ya fi ba shi mamaki. Ingilishi ya dubi iyakar asara. Faransawa da mutanen Sifen suka dubi ɓacewar suna, suka ce tarayya marar suna, société anonyme, sociedad anónima, wato dukiyar da ba a kiran ta da sunan mai ita. A ganinmu wannan ya fi kusa da abin da zai ɗaure wa Bahaushe kai. Ɗan kasuwar Shinkafi da ke kai kaya Maraɗi yana cin karo da shi a harufan SA da SARL a kan takardu, kamar yadda kwastan ke komawa duwan da zarar ya tsallaka iyaka. Nijar tana cikin ƙungiyar OHADA da aka kafa a 1993 don daidaita dokar kasuwanci da tsarin lissafi na ƙasashen da ke cikinta. A 2008 aka ƙara Turanci da Fotugis da Sifaniyanci cikin harsunan aikinta, na ƙarshen saboda ƙasa ɗaya tilo, Ikwatoriyal Gini. Hausar da ake ciniki da ita daga Maraɗi zuwa Damagaram ba ta ciki.

To ina Hukumar Fassara duk wannan lokaci? Ta yi aiki, ba a raina mata ba. Daga ita aka samu Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East, aka samu littattafan gasar 1933, aka samu Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da Abubakar Imam a kujerar edita. Ƙamus ɗin Bargery ya fito a 1934, an kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955. Amma abin da aka sa a gaba shi ne littafin makaranta, da tsabta, da noma, da yaƙi da jahilci. An koya wa manomi yadda zai shuka gyaɗa a layi da harshensa, ba a koya masa karanta lissafin wanda ke saye ba. Hujja mafi ƙarfi tana cikin ofishin En'e. A can, inda Hausawa ne ke riƙe da littafin, kalmomi sun tsiro da kansu suka zauna daram: baitulmali, ma'aji, haraji, jangali, kuɗin shiga, da kasafi wanda ya ba mu kasafin kuɗi. Babu wanda yake jin su baƙi. Kuɗin hukuma ya samu Hausa don Sarki da ma'aji suna buƙatar su fahimci juna, kuɗin kamfani bai samu ba don babu Bahaushe a ɗakin da ake maganarsa.

Hukumomin sayen amfanin gona, ta gyaɗa a 1949 da ta Jihar Arewa a 1954, sun buɗe wa attajiran gida ƙofar zama ejan mai lasin, amma takardun da ake cikewa na Turanci ne, sai Alhaji ya ɗauki akawu. Dukiya tasa, littafi na wani. Haka aka tafi har 1972, lokacin da gwamnatin Janar Gowon ta yi dokar mai da kamfanonin baƙi hannun 'yan ƙasa. Wasu sana'o'i aka ce baƙo ya fita gaba ɗaya, wasu aka ce sai 'yan Najeriya sun mallaki kashi 40 cikin ɗari, a 1977 aka ɗaga wasu zuwa 60. A 1974 UAC ta Najeriya ta fitar da kashi 40 ɗinta kasuwa, a 1994 Unilever ta sayar da abin da ya rage mata. Jikan manomin da ya tsaya gaban sikeli a Ƙaura yanzu yana iya mallakar ɗan yanki na kamfanin, in an iya gaya masa abin da ake sayarwa.

Nan ne Hausa ta yi abin a yaba mata. Hannun jari fassara ce da ta fito daga cikin gida, rediyo da jarida suka yaɗa ta har ta zama kamar da ita aka haife mu. Mun saba cewa wane yana da hannu a abu, mun san sa hannu da cire hannu, mun san jari. Aka haɗa su, sai ga ma'anar ta fito ba tare da an yi wa kowa lacca ba: dukiya ɗaya, hannaye da yawa. Daga ita aka samu masu hannun jari da kasuwar hannayen jari. Ko jari-hujja daga wannan gidan ta fito, ita ma ba ta da makusa.

Sai dai kalma ɗaya ba ta ɗaukar gini. Hannun jari ta faɗi cewa kana da rabo, ba ta faɗi cewa kai ne na ƙarshe a layi in an rushe ba, bayan ma'aikata da banki da duk mai bin bashi. Ba ta faɗi cewa kamfani yana iya cin riba ya ƙi rabawa ba, domin abin da kamfani ya samu da abin da ya ga dama ya miƙo maka duk riba muke ce musu. Da Babban Banki ya ce a 2004 kowane banki ya tara jarin naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna suka bazama tallar hannayen jari har garuruwan da ba su taɓa ganin dillalin irin wannan haja ba. Malaman makaranta da ma'aikatan ƙananan hukumomi da 'yan kasuwa suka saya, da yawa suna ɗaukar abin kamar ajiya ce mai haihuwa, uwa tana nan, 'ya'ya suna zuwa. A watan Maris na 2008 ma'aunin kasuwar ya haura 66,000, shekara guda bayan nan ya faɗo wajen 20,000. Wanda ya je neman uwar kuɗinsa sai aka ce masa babu wata uwa, abin da takardarsa za ta yi a kasuwa yau shi ke nan. Da an ce masa tun farko wannan ƙirali ne, kai ne mai kuɗin, faɗuwa a kanka take, da ya gane cikin minti ɗaya.

Mu da muke rubuta manhajoji mun gaji wannan giɓi kai tsaye. In za a juya manhajar lissafi zuwa wani harshe, jerin kalmomi ake ba ka, kowace da gurbi ɗaya a gabanta, kuma dole abin da ka sa ya shiga cikin ɗan maɓallin da bai fi faɗin yatsa ba. Biyun farko a jerin su ne debit da credit. Tsarin da suka fito daga cikinsa, wanda Luca Pacioli ya bayyana a littafinsa da aka buga a Venice a 1494, cewa ya yi kowace hulɗa a rubuta ta sau biyu. Ɗan kasuwa a Ƙaura ya karɓi buhun wake goma bashi, a gefe ɗaya kayansa sun ƙaru, a ɗaya gefen abin da ake bin sa ya ƙaru, dole biyun su yi daidai. To amma kiredit a bakin mutanenmu katin waya ne. A alat ɗin banki kuma yana nufin kuɗi sun shigo, don banki daga nasa littafin yake magana, yana cewa abin da kake bi na ya ƙaru. A allon mai shago kuwa yana nufin bashi. Kalma ɗaya, fuska uku, ka sa ta a maɓalli ka ga abin da zai faru da lissafin mutum.

Masu Sifaniyanci aikatau biyu suka sa a kan ginshiƙan littafin, debe da haber, ana bin sa da yana da shi. Hausa ta fi su sauƙi ma, don aikatau ɗaya ya ishe ta. Ina bin ka, kana bi na. Muna bi, ana bin mu. Duk yaron shago ya san bambancin, kuma sun shiga maɓalli. Inda aka fi shan wuya shi ne kadara, wadda a wurinmu gida ce ko gona ko shanu, alhali a wurin akanta har bashin da kake bin wani da canjin da ke cikin durowa kadara ne. Sai kuma abin da ya saura wa masu kamfani bayan an fitar da duk bashi, wanda Turanci ke kira equity. Ko Sifaniyanci bai tsaya a kan magana ɗaya ba a nan, a Sifen patrimonio neto ne, a Meksiko capital contable. Amma su rigimarsu ta masu abu ce, kowace ƙasa da kalmarta a cikin dokarta, alƙali yana hukunci da ita, ɗalibi yana cin jarrabawa da ita. Tamu kuwa komai kyanta ba ta da hatimi. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda, wadda aka kafa a 1983, tana yaye akantoci da Turanci, kamar kowace makaranta a ƙasar, su koma gida su rasa yadda za su bayyana wa iyayensu takardar da suka rubuta a kan dukiyar iyayen.

A watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara saboda matsalar tsaro, duk manhajar da ke buƙatar intanet ta zama hoto, littafi mai fallaye arba'in ya dawo kan tebur. Wanda ya taɓa buɗe irin wannan littafi ya san tsarinsa: kowane shafi sunan mutum ne a sama, ƙasa kuma abin da ya karɓa da abin da ya kawo. Babu shafin kaya, babu shafin jari, babu shafin kamfani. Shekara casa'in da 'yan kai bayan isowar jirgi, lissafin yana nan a kan mutum.

Inda abin ke fashewa shi ne ranar rabon gado. Kafin 2020 doka ba ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani ba, sai biyu zuwa sama. Alhaji ya je yin rajista don neman kwangila ko lasin gidan mai, lauya ya ce a kawo suna na biyu, sai a sa uwargida ko babban ɗa, a rubuta masa kashi kaza don a cika takarda, yadda Salomon ya yi. Ba wanda ya ɗauke shi da nauyi. Ranar da Alhaji ya kwanta dama, magada su zo da lissafinsu, tirela biyu da gidan mai da sito, a raba kowa ya san nasa. Sai a buɗe fayil a ga tirelolin ba na Alhaji ba ne, na kamfani ne, abin da ya bari hannun jari ne kawai, kuma wani kaso nasa tun asali yana kan sunan ɗan ɗaki ɗaya. Sauran ɗakuna su ce kyautar da ba a karɓa a hannu ba ba kyauta ba ce, wancan ya ce ga takardar hukuma. Alƙali yana da Muhtasar a gabansa, lauya yana da dokar kamfanoni, 'yan uba kuma sun daina gaisawa.

Dokar da aka sa wa hannu a watan Agustan 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani, ta kuma zo da sabon sharaɗi: duk wanda ke riƙe da kashi 5 cikin ɗari zuwa sama, ko yake juya kamfani daga bayan fage, sai an bayyana sunansa ga Hukumar Rajistar Kamfanoni, wadda ta buɗe kundin sunayen ga jama'a a 2023. A jihar da aka yi shekaru ana tambayar su wa ke bayan kamfanonin haƙar zinariya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma takardar da Turanci take, a intanet ake cika ta, kuma yawanci wani matashi ne a shagon kwamfuta ke karanta wa mai rajista yana juya masa. In ya iso wannan gurbi, da kalmominsa huɗu masu tsawo, taƙaitawa yake yi ya ce, «Ranka ya daɗe, wai wa ke da kamfanin?» Amsar da yake samu ita ce, «Nawa ne mana.» Sai ya rubuta sunan da ke kan tsohuwar takarda ya danna gaba.